Ƙarangiya Ta Riga NASA

Daren Asabar da ta wuce muna fada a Bukoki, shayi na biyu yana kan gawayi, sai ɗan yayata da ke ajin ƙarshe a lise ya miƙo mini wayarsa. "Kawu, dubi wannan." Wani guntun bidiyo ne da Faransanci, irin waɗanda ke yawo a WhatsApp. Mai maganar yana jero abubuwan da wai NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ta ƙirƙiro wa duniya: kaskon suya da ba ya kamu, maɗaurin takalmin yara mai yin "ƙyarrr" in an ɓalle shi, bik mai rubutu ko an kifa shi, kyamarar waya, har da panon da ke kan rufin mai cajin wayoyi. Ya rufe da cewa duk ƙasar da ba ta harba kumbo ba, ko allura ba za ta ƙirƙira ba.

Maƙwabcinmu, dattijon da ya fi shekara talatin yana kwance injin mota yana ɗaurawa, ko karɓar wayar bai yi ba. Ya ce, "Yaro, bar cika mana kunne. Mutanen nan ba abin da suka ƙirƙira. Kayan mutane suka tattara, suka cusa a bututu, suka kunna masa wuta a gindi." Aka kwashe da dariya. Yaron ya mayar da wayarsa aljihu, bai ƙara cewa uffan ba har aka watse.

Na koma gida abin yana cina. Bidiyon ya ba ni haushi don ƙaryar da ke cikinsa, dariyar kuma ta ba ni haushi don ta rufe bakin yaro mai son sani.

Ga inda na tsaya. Baba makanike ya fi kusa da gaskiya: mafi yawan abin da ake harbawa sama, a ƙasa aka fara yinsa, don wata buƙata da ba ruwanta da taurari. Amma akwai abin da ya tsallake. Shirin sararin samaniya mai saye ne, mai saye mai kuɗi kuma mai ƙorafin tsiya, wanda zai maido wa maƙeri aikinsa sau goma har sai hannun maƙerin ya canza. Ribar tana wurin maƙerar da aka takura wa. Wannan ne ya shafe mu a Nijar, zan zo kansa.

Mu fara share ƙarya

Abin da ake shafe kaskon suya da shi, Teflon, wani masanin sinadarai mai suna Roy Plunkett ne ya ci karo da shi a 1938, a kamfanin DuPont, yana cikin binciken iskar da ake sa wa firiji. Wani injiniya Bafaranshe, Marc Grégoire, shi ya fara shafa shi a kasko a shekarun 1950, daga nan aka samu Tefal ɗin da matanmu ke tambaya a kasuwa. Ita kuwa NASA sai a 1958 aka kafa ta. Ɗa ba ya haifar uwarsa.

Labarin maɗaurin takalmi ya fi ba ni dariya, don duk wanda ya tashi a Tawa ya san shi tun kafin ya san sunansa. Muna yara in muka dawo daga daji bayan kaka, sai mun zauna a ƙofar gida muna tsince ƙarangiya daga ƙafar wando ɗaya bayan ɗaya, tana soke mana yatsa, in ka cire ta nan ta maƙale can. Abin da ya faru da George de Mestral ke nan a ƙasar Suwizalan a 1941. Ya dawo daga farauta, irin tasu ƙarangiyar ta cika masa tufafi da gashin karensa. Mu mukan tsince mu yar muna tsaki. Shi ya sa ta a madubin ƙara girma, ya ga ƴan ƙananan ƙugiyoyi ne, ya yi shekaru yana neman yadda zai kwaikwaye su da zare. Ƴan sama jannati sun yi amfani da abin sosai, don a can in ka ajiye cokali tashi yake, dole a manna shi. Amma sun tarar da shi a kasuwa ne.

Shi kuwa bik, akwai wata tatsuniya da ake so ƙwarai: wai Amurka ta kashe miliyoyi tana neman alƙalamin da zai yi rubutu a sama, Rasha kuwa ta ɗauki fensir kawai. Gaskiyar ita ce duka biyun da fensir suka fara. Wani ɗan kasuwa, Paul Fisher, shi ya ƙera bik ɗin da kuɗin kamfaninsa, NASA ta gwada ta saya, daga baya Tarayyar Sobiyet ma ta saya. Kuma akwai dalilin gudun fensir: bakinsa in ya karye ba ya faɗuwa ƙasa, yawo zai yi ta yi har ya shiga idon mutum ko cikin wayoyin lantarki. Bayan gobarar da ta kashe ƴan sama jannati uku a gwajin kumbon Apollo 1, na shirin Amurka na zuwa wata, a watan Janairun 1967, ba wanda ke wasa da abu mai kama wuta a cikin kumbo.

Uku ke nan cikin biyar na bidiyon suka faɗi.

Da tsohuwar zuma ake magani

Abin da zai ba ɗan yayata mamaki shi ne masu aikin sama ba su da ɗokin sabon abu kamar yadda yake zato. Tsoronsa ma suke. In motarka ta mutu tsakanin Dogon Dutsi da Ƙonni, za ka zauna a inuwa ka jira mai taimako. In na'ura ta mutu a duniyar Mars, shi ke nan, ba makanike, ba kabu-kabun da zai kawo maka kayan gyara.

Shi ya sa rokar Soyuz da Rasha ke harbawa har yau jikanya ce ga R-7, wadda ta ɗaga Sputnik, tauraron ɗan'adam na farko, ranar 4 ga Oktoban 1957. Ita R-7 ɗin ma asalinta makami ce, don ɗaukar bam aka ƙera ta. Daga 2011 zuwa 2020, lokacin da Amurka ta ajiye jiragenta masu zuwa su dawo, a cikin wannan tsohuwar Soyuz ɗin ƴan sama jannatinta suke biyan kuɗin kujera su tafi tashar sararin samaniya. Kamar dai attajirin da sabuwar motarsa ke gareji, ya hau tsohuwar Peugeot ɗin maƙwabci don ya san ba ta taɓa barin kowa a hanya ba.

Motar Perseverance da ta sauka a Mars a watan Fabrairun 2021, ƙwaƙwalwar da ke sarrafa ta daga irin wadda ke cikin kwamfutocin Apple na ƙarshen shekarun 1990 aka samo ta. Wayar da ke aljihun mai sayar da tsire ta fi ta sauri nesa ba kusa ba. An zaɓe ta ne don an sake gina ta yadda za ta jure tururin da ke kashe na'urori a can, kuma an riga an gwada ta a tafiye-tafiye da yawa.

Wanda na fi so in ba teloli shi ne na rigar da Neil Armstrong ya taka wata da ita a watan Yulin 1969. Kamfanin da ya ɗinka ta, da ɗinkin rigar mama da ɗamarar mata aka san shi. Mata ne masu keken ɗinki suka haɗa ta, shimfiɗa 21 ɗaya kan ɗaya, kuma in allura ta kauce kaɗan ran mutum ne. Keke dai keke ne, zare zare ne. Abin da ya bambanta shi ne ba a yarda da "haka ma ya yi" ba.

Sai kuma abin da ya faru a watan Afrilun 1970, da tankin iska ya fashe a kumbon Apollo 13 yana kan hanyar wata. Mutum uku suka koma cikin ɗan ƙaramin sashen da aka yi don mutum biyu, iskar da suke fitarwa ta fara taruwa za ta kashe su. Matatar da suke da ita da yawa mai kusurwa huɗu ce, ramin da za a sa ta kuwa zagayayye. Da me aka haɗa su? Leda, kwali, tiyo da salatif. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar Katako ya ga masu narka gwangwani da tsohon fistan suna zuba tukunya a cikin yashi, ya san wannan irin tunanin. Ba baƙonmu ba ne.

To, Baba ya ci gari ke nan?

A'a. Nan ne zan rabu da shi.

Ɗauki pano. Ba don sama aka ƙirƙire shi ba, a ɗakin binciken kamfanin Bell aka fito da na farko mai amfani a 1954, yana mai da wajen kashi 6 cikin ɗari na hasken da ya sauka a kansa zuwa lantarki. Amma tsadarsa ta sa ba mai hankalin da zai saya ya kunna fitila, ga gawayi ga man fetur da araha. Da an bar shi ga kasuwa, da wataƙila ya daɗe a cikin durowa.

Sai ga mai sayen da ba shi da zaɓi. A sama ba gidan mai, ba igiyar kuran. A watan Maris na 1958 Amurka ta harba wani ɗan tauraro, Vanguard 1, bai fi girman goruba uku a dunƙule ba, da na'urar aika saƙo biyu. Mai aiki da batir ta yi shiru cikin ƴan makonni. Mai aiki da hasken rana ta yi ta magana har 1964. Daga nan taurarin ɗan'adam suka rungumi pano, suka riƙa biyan duk abin da aka ce, suna neman wanda ya fi ƙarfi, ya fi sauƙin nauyi, ya fi jure wahala. Shekara da shekaru su ne suka riƙe masana'antar da rai kafin Japan da Jamus da Sin su zo su karya farashin. Tashar Malbaza mai megawat 7 da aka buɗe a 2018, da ta Goru Banda mai megawat 30 a bakin Yamai, da panon mai cajin wayoyin unguwarmu, duk sun bi ta wannan hanyar kafin su iso mu.

Haka ƴar ƙwayar lantarkin nan, "chip", da ke cikin kowace waya da kwamfuta. Jack Kilby da Robert Noyce ne suka fito da ita a 1958 da 1959, kowanne a kamfaninsa. Sabuwa ce, mai tsada, ba a yarda da ita ba. Masu shirin Apollo suna buƙatar kwamfutar da za ta shiga cikin kumbo a lokacin da kwamfuta ke cika ɗaki, sai suka yi kasada suka zaɓe ta. A wajajen 1963 kusan kashi 60 cikin ɗari na duk wadda ake ƙerawa a Amurka su ke saye. Sojoji ma sun saya da yawa don makamansu masu linzami, kada a manta da su. Kuma saye ne na wulaƙanci: a gasa, a girgiza, a jijjiga, in aka samu matsala a kaɗan a mayar da kwali gaba ɗaya. Kamfanonin suka koyi yin abu dubu iri ɗaya ba tare da ɗaya ya baci ba, farashi ya yi ta sauka, har ƴan kasuwa suka iya saye.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, gyaran rediyo yake yi a Tawa, da ƙarfen narka dalma da ake ɗorawa a kan garwashi. Akwai wani Alhaji mai fataucin dabbobi da duk shagon ke gudu. In ka gyara masa rediyo sai ya ɗaure ta a bayan mota ya kai ta Abalak ya dawo, in ta yi ko ɗan tari ya maido ta, kuma ba ya jin "gobe". Mahaifina yakan yi ta gunaguni in ya hango shi. Amma da bakinsa ya gaya mini cewa saboda mutumin nan ya daina ɗaura waya da hannu ya koma narka kowane haɗi, kuma daga baya duk garin aka san rediyon da ta fito daga hannunsa ba ta tsoron gargada. Alhajin bai san ko sunan ƙarfe ɗaya a cikin rediyo ba. Matsinsa ne ya yi aikin.

Wannan shi ne abin da nake nufi da mai saye mai ƙorafi.

Amma ai akwai abin da suka ƙirƙira da kansu

Akwai, kuma ba zan ɓoye shi don maganata ta yi daɗi ba. A nan bidiyon ya faɗi gaskiya guda. Idon kyamarar da ke cikin kusan kowace waya a yau, daga aikin Eric Fossum da abokansa ya fito, a cibiyar JPL ta NASA a farkon shekarun 1990. Suna neman kyamarar da ba ta da nauyi kuma ba ta shan wuta don ƙananan kumbuna. Katifar nan mai lotsawa ta riƙe siffar jikin mutum ita ma daga wata kwangilar NASA ta 1966 ta fito, don kujerun jirgi. Garkuwar da ke hana kumbo ƙonewa in yana dawowa, da dabarar haɗa kumbo biyu suna gudun kilomita dubbai a awa, da saukar da roka a tsaye a sake amfani da ita kamar yadda kamfanin SpaceX ya yi a watan Disamban 2015, waɗannan ba a sayo su a kanti ba.

Sai dai ko a nan, duba da kyau. Kyamarar dijital ta riga Fossum, tun 1969 aka ƙirƙiri wani irin idonta a kamfanin Bell. Hanyar ƙera ƙwayar da ya bi, masana'antar kwamfuta ta riga ta shimfiɗa ta. Abin da ya yi babba ne, amma a kan ginin wasu ya ɗora bene. Mutum wajen 400,000 ne suka yi wa shirin Apollo aiki, kuma mafi yawansu a kamfanoni da jami'o'in da suke nan tun kafin a yi mafarkin zuwa wata. Da Amurka ba ta da masu walda, da masu ɗinki, da masana lissafi, da masana'antar jiragen sama, kuɗi kaɗai ba zai tashi da kowa ba.

Yanzu ma ruwan ya juya. Ɗan jirgi mai saukar ungulu da ya tashi a Mars ranar 19 ga Afrilun 2021, Ingenuity, nauyinsa bai kai kilo biyu ba, ƙwaƙwalwarsa irin ta wayar Samsung Galaxy S5 ce, batirinsa na kasuwa ne. An yi shi don ya tashi sau biyar, ya tashi sau 72. Da can sama ke ba kasuwa, yau kasuwar waya ce ke ba sama.

Mu a Nijar fa?

Da maganar ta tsaya kan wa ya ƙirƙiri kasko, da ban ɓata daren Lahadi ina rubutu ba. Abin da ya sa na damu shi ne ƙarshen bidiyon, inda aka ce sai ƙasa ta mallaki kumbo kafin ta iya ƙirƙira. Na sha jin irin wannan a bakin manya masu ilimi, musamman tun da aka sanar a ƙarshen 2024 cewa ƙasarmu ta sa hannu da kamfanin Glavkosmos na Rasha kan taurarin ɗan'adam uku. Wasu suna magana kamar ranar da aka harba su, washegari fasaha za ta fara zubo mana kamar ruwan Agusta.

Ban ce kada a saya ba. Ƙasa mai faɗin tamu, da iyakoki masu tsawo, da ƙauyukan da sai an hau tudu ake samun layin waya, tana da buƙatar ido da kunne a sama. Amma a kira abin da sunansa: sayen kayan aiki ne, kamar sayen motar asibiti. In an ƙera tauraro a wata ƙasa, aka gwada shi a can, aka harba shi a can, to duk matsin nan da ke gyara hannun maƙeri a can ya sauka. Su za su koya, mu mu biya. Mun zama Alhajin Abalak ke nan, muna gyara hannun mai gyaran wani gari.

Maƙwabtanmu na kudu sun ɗanɗana duka biyun. Najeriya ta sayi tauraron sadarwa NigComSat-1 daga Sin, aka harba shi a 2007, a watan Nuwamban 2008 ya mutu saboda matsalar fuka-fukansa masu karɓar hasken rana, sai a ƙarshen 2011 aka harba madadinsa. A gefe guda kuma ta tura injiniyoyinta Ingila, wurin kamfanin Surrey, suka zauna suka haɗa NigeriaSat-X da hannunsu, aka harba shi a 2011. Na biyun bai kai na farkon girma ba, ko kusa. Amma tauraro yana da wa'adi, in ya cika ya zama tarkace. Wanda ya koyi haɗa shi yana nan yana shan shayi a Abuja, ana iya kiransa gobe.

Senegal ta bi wannan hanyar da ɗan ƙaramin tauraronta Gaindesat-1A da aka harba a watan Agustan 2024, wanda injiniyoyinta suka haɗa tare da jami'ar Montpellier. Ghana ma ɗaliban wata jami'a a Koforidua ne suka yi nata na farko a 2017. Irin waɗannan taurarin ɗan akwati ne mai santimita 10 kowane gefe, da kayan da ake samu a kasuwa. Wani zai ce wasan yara ne. To, da wasan yara ake fara ɗinki, kafin a ba ka shaddar ango.

Don haka in da za a tambaye ni, tambayata a kan kowace yarjejeniya irin wannan ɗaya ce: ƴaƴanmu nawa ne za su tsaya a ɗakin da ake haɗa abin, da sukurdireba a hannu, tun daga ranar farko? Kuma in sun dawo, akwai ɗakin aiki da albashin da zai riƙe su, ko za mu horar wa wasu ƙasashe ne? Zanen aro ba ya rufe katara.

"Mutanen da ke neman hatsi ina ruwansu da taurari?"

Wannan ita ce maganar da wani ɗan fadarmu ya jefo, kuma ba ta banza ba ce. Amsarta tana nan cikin Yamai, a hayin kogi. Cibiyar AGRHYMET an kafa ta a 1974, bayan babban farin da ya karkashe dabbobi ya tarwatsa garuruwa. Shekara da shekaru ke nan ana karɓar hotunan taurarin wasu a can, ana duba inda ruwa ya sauka, inda ciyawa ta fito, inda fara za ta iya ƙyanƙyashewa. Cibiyar ACMAD mai hasashen yanayi don Afirka ita ma a Yamai take. Ba mu harba ko tsinke ba, amma an horar da ɗaruruwan ƴan Sahel karanta abin da sama ke gani. Wannan ma aikin sararin samaniya ne, sai dai ba shi da hayaƙi da ƙara, shi ya sa ba a yi masa bidiyo.

Akwai kuma labarin itatuwan Maraɗi da Damagaram. Masu bincike, cikinsu har da Gray Tappan na hukumar binciken ƙasa ta Amurka, sun gwada tsofaffin hotunan jirgi da sababbin hotunan tauraro, suka ga abin da ba su zata ba: gonaki wajen hekta miliyan 5 sun sake yin itatuwa, kimanin miliyan 200. Ba tauraron ne ya shuka su ba. Manoma ne da adda da gatari, suna barin tohon gawo da kalgo a gona suna sassabe shi maimakon su tumɓuke. A Adar kuma ramukan tare ruwa, tassa da rabin wata, su ne suka farfaɗo da faƙo a wajajen Illela da Badagishiri. Dabarar ta ƙasa ce, ta talakawa. Abin da ido na sama ya yi shi ne ya nuna wa duniya girmanta, har masu ba da kuɗi suka daina ganin manomin Nijar a matsayin mai sare daji kawai.

Kuma muna da misalin mutumin da ya gane wannan tun kafin a haifi yawancinmu. Farfesa Abdu Mumuni, ɗan Tasawa, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, daga 1969 ya jagoranci ofishin makamashin hasken rana na ƙasa, ONERSOL. A lokacin da manyan ƙasashe ke kallon hasken rana a matsayin abin kunna taurari, shi yana ƙera tukunyar dafa ruwa da murhun rana a nan Yamai, da ma'aikatan nan, don gidajen nan. Ya rasu a 1991. Yau panon da ke kan rufinmu daga Sin yake zuwa cikin kwantena, kuma in abin da ke daidaita cajinsa ya ƙone, sau da yawa sabo ake saye don ba mai buɗe shi. Wannan ya fi damuna a kan rashin kumbo.

Indiya da ake ta ba mu misali da ita, da ta sauke kumbo a wata a watan Agustan 2023, akwai hotunan farkon shirinta: ana ɗauke da sassan roka a kan keke, wani tauraron kuma a kan amalanken shanu ana gwajinsa. Masu turo hotunan sukan ce, "Dubi daga inda suka fara." Ni abin da nake dubawa shi ne mutanen da ke tura keken. Ƴan ƙasar ne, kuma su ne suka haɗa abin da ke kai.

Jiya da daddare na koma fada da hoton matatar Apollo 13 a wayata. Na kira ɗan yayata na zaunar da shi kusa da Baba makanike, na ce su duba tare. Yaron ya karanta bayanin yana fassarawa. Baba ya karɓi wayar wannan karon, ya nisanta ta da idonsa, ya sa yaron ya ƙara masa girman hoton wajen da tiyo ya shiga leda. Ya daɗe yana kallo.

Sai ya ce, "Wanda ya naɗa salatif ɗin nan sauri yake yi. Gobe in ka taso lakwal ka biyo gareji, in nuna maka yadda ake naɗa shi iska ba ta fita."